Muryar Malam a Jaka

Ranar da Tasallah ta fita takaba, ta ɗauki na'urar da ke magana da muryar marigayi mijinta, ta nufi ofishin rajista. Dangin Malam sun ce ba za ta koma Gumel wurin 'yarta ba sai muryar ta yarda, ita kuwa muryar kullum a'a take cewa.

"Iya, dokar bana ta raba gardama," in ji ma'aikaciyar ofishin. "Muryar mamaci ba ta ba da izini, ba ta hanawa. Tafi abinki. In kashe miki ita?"

Tasallah ta yi ajiyar zuciya, ta gyara mayafi.

"Bar shi, 'yar nan. Zai taya ni hira a mota."

Daga cikin jaka, Malam ya yi gyaran murya.