Takardar da Ba Ta da Suna

Mushe Hashim, wato Malam Hashim a bakin masu Faransanci, ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya tambayi manhajar nan mai ba da amsa kamar mutum ko ita ce ta rubuta. Ko gardama ba ta yi ba, ta ce da alama aikinta ne.

Daɗi ya kashe shi. Tun farkon shekara yake farautar ɗaliban da ke sa na'ura ta yi musu aikin gida a kwalejin da yake koyarwa a Mayahi, bai taɓa kama ko ɗaya ba. Ga shi yau Allah ya kawo, cikin tarin takardun da matarsa ta tattaro masa daga tsohuwar jakarsa: bayani kan ranar kasuwa, ba kuskure, ba suna. Rubutun hannu kuwa ba ya raba gardama, don da bulala ya koya wa ajin duka su riƙa yin irin nasa sak.

Bai sha wahalar neman mai laifi ba. Aziza ce, yarinyar da ta cika gyara masa Faransanci a gaban mutane, kuma wanta yana da babbar waya. Ya rantse wa darakta cewa ba za ta zauna jarrabawar bana ba.

Da safe ya tara ajin, darakta na zaune a gefe. Ya sa manhajar ta kawo hujja, ita kuwa ta zuba kamar an buɗe famfo: rubutun ba shi da rai, kalmomin aro ne, mai shi bai taɓa jin warin kasuwar awaki ba. Mushe Hashim ya karanta da ƙarfi, har da ƙara gishiri nasa.

Aziza ta rantse tana hawaye cewa tata takardar tana cikin tarin, a duba. Ya ƙi dubawa.

"Wanda ya rubuta wannan ba ya da kai," in ji shi. "Ko jaki ya fi shi tunani, kuma wallahi bai cancanci ya taka ƙofar lakwal ba, balle ya zauna a aji."

Darakta ya karɓi takardar don ya sa hannu a kan korar. Ya juya bayanta, ya daɗe yana kallo, sannan ya gyara tabarau ya karanta abin da aka rubuta a ƙasa tun bara, a hankali, yadda na bayan aji ma za su ji: "Misali don ɗalibai su yi koyi. Rubutawa, Mushe Hashim."