Gadar da Ke Shekara ta Uku

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa ilimi da natsuwa, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, ina kuma roƙon ka ara mini hankalinka na ɗan lokaci. Ni dattijo ne da ya yi makaranta a zamanin da ake dukan hannu saboda ɗigon tawada, ya kuma yi wa gwamnati aiki shekara talatin da biyar ba tare da an taɓa rubuta shi cikin masu makara ba. Ban saba ɓata takarda a kan abin da ba shi da nauyi ba. Saboda haka ka gyara zama.

Kowace shekara ƙaramar hukumarmu tana tsara kasafin kuɗi, haɗe da shirin shekara uku masu zuwa. Aikin da aka sa a shekarar farko shi ake sakar wa kuɗi. Na shekara ta biyu da ta uku alkawari ne kawai. Gyaran gadar da ke tsakanin kasuwa da asibiti yana shekara ta uku. Duk lokacin da aka sabunta shirin, a nan ake sake ajiye shi. Shekara goma sha huɗu ana haka.

Ranar wata Talata gadar ta rufta da motar ɗaukar marasa lafiya. Direban ya rasa ƙafarsa ta dama.

Ma'aikatar da ke sama da mu ta aiko da wasiƙa: ba za ta karɓi sabon kasafi ba sai an fito da mai laifi an hukunta shi cikin kwana goma. Babu kasafi, babu albashi. Aka ɗauko ni daga gida aka naɗa ni shugaban kwamitin bincike, kasancewar babu wanda ya kai ni sanin dokokin kuɗi da lungunan ginin ƙaramar hukumar.

Ciyaman ya riga ya zaɓi wadda za ta ɗauki laifin: jami'ar kasafi, mai 'ya'ya uku da mahaifiya a kwance, wadda sa hannunta ke kan shiri huɗu na baya-bayan nan. Hukuncinta kora ce babu sallama, sannan kotu.

"Ranka ya daɗe, haka na tarar, haka na kwafa," in ji ta.

"Albashinki ma haka kika tarar da shi," in ji Ciyaman, "amma ba ki taɓa tura shi shekara ta uku ba."

Kansiloli suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ba ta kwana uku ta kawo hujja.

Ta fara da wanda ta gada, wanda yanzu yake sayar da fenti a bakin tasha. Ya rantse shi ma haka ya tarar, ya roƙe ta kada ta ambaci sunansa. Wanda ya gabace shi ya rasu. Ma'aikatan da ba su ga albashi ba suka daina amsa gaisuwarta. Mai kantin magani ya daina ba ta maganin mahaifiyarta bashi.

Abin da ya rage mata shi ne ɗakin ajiyar takardu, inda rufi ke yoyo, fayiloli kuma ke ɗaure da igiya har saman taga.

"'Yata, gara ta riga ki karanta su," in ji mai ajiyar, yana miƙa mata makulli.

Kwana biyu tana durƙushe a ƙasa tana kwance ɗauri, tana tari, yatsunta sun yi baƙi. Da hantsin rana ta uku ta sami wata 'yar takarda maƙale da allura a bayan wani tsohon shiri, da rubutun hannu mai tsabta irin na mutanen da: "A mayar da gada shekara ta uku domin lissafin bana ya daidaita. Za a dawo da ita baɗi." Ma'ajin wancan lokaci ne ya rubuta, ya sa hannu. Kafin baɗin aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da alkawarinsa a ka. Waɗanda suka biyo baya suka ɗauki rabin farko na maganar a matsayin doka, domin mutum ne da aka sani ba ya kuskure.

Ta nemi ganina ni kaɗai. Na ƙi, domin ƙa'ida ta hana. Sai ta shigo zauren majalisa, ta ajiye takardar a gabana da hannu biyu, ta koma ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Baba, ka yafe mini. Saboda 'ya'yana ne."

Na karanta sau biyu. Ciyaman ya leƙo ta kafaɗata, ya karanta, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"A ce gara ta cinye sa hannun. Ita kuma a nema mata wani ɗan aiki daga baya."

Na ce masa ya koma kujerarsa.

Na miƙe na karanta hukunci da muryar da kowa zai ji. Na wanke jami'ar kasafi daga dukkan zargi. Na umarta a sa gadar a layin farko na shekarar farko, aka kuwa zartar da kasafin kafin la'asar. Game da tsohon ma'ajin, na bayyana cewa tsufa ba ya goge sa hannu, kuma kyakkyawan suna ba ya mayar da ƙafar da aka yanke. Na ci shi tarar kashi biyu cikin uku na fanshonsa, a riƙa miƙa wa direban muddin su biyun suna raye.

Wata goma sha ɗaya ke nan, ya mai karatu, ina karɓar kashi ɗaya cikin uku na fanshona.