Koren Zare a Wayar Giya

"Yi sauri, patron, ba ni da lokaci," in ji mai motar. Baƙo ne, kuma tun da ya shigo garejin Imrana a unguwar New Bell hannunsa bai bar ƙugunsa ba.

Baƙar mota ce, irin mai haɗa batir da fetur. Ta tashi, amma giya ta ƙi shiga. Imrana ya kwance murfin, yana bin wayoyin makunnin giyar da fitilar gwaji. Ta farko da wuta, ta biyu ma haka. Ya jawo ta uku.

An taɓa haɗa ta, an naɗe da koren zaren ɗinki maimakon salatef. Shi Imrana ya naɗe ta, da zaren mamarsu, ranar da yayansa Haliru ya kama hanyar Bamenda da wannan motar ana tsakiyar rikici. Har yau ba shi, ba labarinsa. A lokacin motar fara ce.

Mutumin ya sunkuyo, numfashinsa na dukan ƙeyar Imrana.

"Ka ga matsalar?"

"A'a, tukuna dai."

"To me ya sa hannunka ke rawa?"