Zanen da Ya Naɗe Farfela

Tun da ƙananan jiragen haya suka kori a-daidaita-sahu daga Zariya, duk wanda ya nemi a gyara dokar tashi, shi ake sawa a jirgin gwaji na farko. Shi ya sa ranar jin ra'ayin jama'a babu wanda ya zo zauren, sai Tabawa mai wankau.

Ta ajiye wani yagaggen zane a gaban Injiniya Isyaku, jami'in hukumar.

"Ɗana, a ɗaga jiragen nan. Sun cika yin ƙasa-ƙasa da gidaje."

"Inna, na'ura ce ta auna tazarar. Ta yi la'akari da tsuntsaye, har da turakun lantarki."

"Da shanya fa? Mu a kan soro muke baza wanki, mu danne da dutse. Wannan ni na shanya shi da hannuna. Iskar jirgi ta fizge shi, ya naɗe farfela. Mutum huɗu ne a ciki."

Isyaku ya sunkuyar da kai. "Allah ya ji ƙansu. Amma kin san sharaɗin?"

"Na sani, kuma ban taɓa hawa ba." Ta ƙara tamke ɗankwalinta. "Rubuta sunana. Amma ranar Asabar za a yi gwajin, ranar da kowa ke wanki."