Bishiyar Dandalin Zango

Da aka yaye ƙyallen a dandalin Zango, jama'a suka ɗau tafi. Siffar busasshiyar bishiya ce aka sassaƙa, rassanta a miƙe sama kamar masu roƙon ruwa, don mutane su gani su daina sarar daji a wannan shekara ta uku ta fari. Masassaƙin ya yi murmushin dole. Ce wa hukuma ya yi mataccen gungume ya tsinta.

Wata tsohuwa cikin waɗanda yunwa ta koro birni ta kutso, ta shafa itacen, ta sansana hannunta. Masassaƙin ya gane ta. Ƙanwar mahaifiyarsa ce daga ƙauyensu, Dogo.

"Inna, yaushe kuka zo?"

"Tun da aka sare gawon bayan gari. Da 'ya'yansa muke riƙe awaki, da nonon awakin muke riƙe yara." Ta ƙara shafawa. "Har yanzu da danshinsa."

Ya sunkuyar da kai.

"Ya yi kyau, ɗana," ta ce a hankali. "Amma a can ya fi inuwa."