Likitar da ta faɗi rabin matsalarta

Ka ce kasuwa ta juya maka baya, amma ba ka son abokan sana'arka su ji. To, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari an yi wata likita mai ƙaramin asibitin haihuwa a bayan tashar mota. Hannunta na da albarka, har matan ƙauyukan kewaye kan ce in naƙuda ta zo da gardama a kai su wurinta ko a amalanke ne. Da ta ga jama'a sun yi yawa, sai zuciya ta raya mata ta faɗaɗa. Ta ci bashin banki ta sayo na'urar hoton ciki, ta kama hayar wani gida a ɗaya gefen garin ta buɗe reshe. Reshen bai karɓu ba, man janareta ya yi tashin gwauron zabi, ga shi ita ba ta iya tsare mai jego saboda kuɗi, wasu sai dai su tafi da "Allah ya saka da alheri". Kafin a ankara dillalin magani ya daina aiko da kaya, albashin nas-nas ya koma rabi-rabi, mai gidan reshe ya fara sintiri, banki kuma ya soma zancen kotu da gwanjo.

A jihar akwai wani kwamiti na likitoci da lauyoyi da akantoci, aikinsu tallabo asibitocin da suka durƙushe kafin a garƙame musu kwaɗo. Duk shekara bayan damina sukan yi babban zama. Su koya wa masu asibitoci yadda ake sasantawa da masu bin bashi, su ba da labarin waɗanda aka ceto a shekarar, a ci tuwo da naman rago ana raha, sannan a buɗe fili ga duk mai damuwa. Likitar ba ta taɓa fashin zaman nan ba, ita ce ma mai kawo dambun nama. A wannan karon da aka buɗe fili ta daure ta miƙe, ta ce tana da 'yar matsala da banki. Nan ta tsaya. Sauran ta haɗiye su, don tana ganin idan aka ji duka, mutuncin da ta daɗe tana ginawa zai zube a gaban tsararrakinta. Kwamiti ya zage damtse, aka zauna da banki, aka sassauta mata biya. Kowa na taya ta murna, tana murmushin yaƙe.

Ranar da 'yan kwamitin suka zo ganin yadda shirin ke tafiya, ta sa an wanke ko'ina tas, an sayo lemo mai sanyi. Ana cikin zagayawa sai ga motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofa. Mai gidan reshe ne ya zo kwashe gadaje a madadin kuɗin haya. Bai gama sauka ba dillalin magani ya iso a babur, yana cewa shi janareta zai ɗauka. Nas-nas suka fito suka yi cirko-cirko, masu awon ciki suna leƙe ta taga. Likita ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Shugaban kwamitin, wani tsohon lauya mai barkwanci, ya dubi motar, ya dubi likitar, ya kwashe da dariya. Ya ce, "Likita, in mace ta zo miki da ciwo uku ta faɗi ɗaya, me kike yi mata?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Faɗa nake yi mata, ranka ya daɗe." Ya ce, "To mu ba za mu yi miki ba. A kawo kujeru."

A gindin darbejiyar asibitin aka zauna har da masu bin bashin, aka raba musu lemon da aka tanada don baƙi. Likita ta zazzage komai, ba ta rage ko ƙwaya ba. Wani babban likita a cikin kwamitin ya ce ai nata da sauƙi, shi lokacin da nasa ya karye har fankar ofishinsa aka kwance, aka sake yin dariya. Tsohon lauya ya nuna wa masu bin bashi cewa gadon asibiti a gwanjo kuɗin tsohon ƙarfe ne, amma in asibiti ya rayu kowa zai karɓi haƙƙinsa. Aka rufe reshe, aka yanka wa mai gida abin da zai riƙa karɓa duk wata. Wasu asibitoci biyu suka amince su riƙa turo mata masu hoton ciki. Dillali ya dawo da kawo magani, tsohon bashi ana rage shi kaɗan-kaɗan. Akanta ta tsara wa masu awo wani asusu da za su riƙa jefa abin da ya sawwaƙa tun ciki na ƙarami, don ranar haihuwa ta zo da sauƙi. Ba a sallami ko nas ɗaya ba.

Kafin wata damina ta kewayo, albashi ya koma cikakke, kukan jarirai bai yanke a ɗakin haihuwa ba, likita ta murmure har ta yi kumatu. Abin da kawai ke ba ta haushi in ta tuna shi ne watannin da ta yi tana dakon kaya ita kaɗai, alhali zaman yini guda ya isa a sauke mata.

Saboda haka tashi ka je wurin mutanenka, kuma in ka je ka faɗi duka. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.