Mai Alewar Madara da Sabon Akwati

Tsaya ki ji, 'yar nan, tunda kin ce sai ranar ta zo za ki san yadda za ki yi. Akwai wata mata a tsohuwar unguwarmu, shekara ashirin tana yin alewar madara a kan gawayi. Hannunta ya san aikin, da nauyin muciya kawai take gane sukari ya yi danƙo. Sai ɗanta ya aiko mata da maikirowef, akwatin lantarkin nan na ɗumama abinci, ya ce ai har alewa yana yi cikin minti biyar. Mako uku abin yana cikin kwalinsa, an yafa masa ƙyalle sai ka ce amarya, ko sau ɗaya ba ta kunna shi ba. Ana nan sai aminiyarta ta sa ranar walima, 'yarta ta gama karatun jinya. Matar nan ta bugi ƙirji ta ce, "Ko minti ɗaya kar ki saya, ƙawata, alewar baƙi tawa ce." Baƙi ɗari da hamsin fa. Don tsabar yarda da kai, kurfotinta ma ta ba da aro, gawayi kuwa ba ta saya ba.

Ranar walima da hantsi ta fito da akwatin. Ta zuba sukari da ruwa a kwanon silbarta na kullum ta tura ciki, sai tartsatsi, fat-fat-fat, ta yi baya tana salati. Ta juye a roba, zafin sukari ya narkar da robar, aka yi asarar kwaɓi guda. Ta samo tangaran. To a nan ne hankalinta ya tashi, domin ƙofa a rufe take, ba muciya, ba motsawa, sai leƙe ta gilashi. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa, ta dubi agogo, ta dubi ƙwan fitila kar a ɗauke wuta. Ta ga sukari fari sol kamar bai soma komai ba, ta ƙara masa minti biyar. Kafin ta juya ya tafaso ya zubo, ya ƙone ƙurmus, ƙauri ya cika gida har maƙwabta suna tambaya ko lafiya. Aka kira azahar tana kankare tangaran, gumi yana zuba, waya tana ta ƙara, ta san aminiyarta ce ke kira, ta kasa ɗauka. Wallahi abin tausayi, mace gwana ta koma 'yar koyo a ɗakin girkinta. Sai a karo na huɗu ta gano kansa: rabin minti, a buɗe, a motsa, a mayar, in ya yi danƙo a zuba madara. Alewa ta fito lumui, ta fi ta gawayi laushi ma. Amma sukarin da ya rage bai fi cikin kofi ba, la'asar kuma ta wuce.

Haka ta isa gidan walima da ɗan faranti, alewa ashirin da biyu a kai, ga mata a zaune an riga an cika su da labarin alewarta. Aminiyar ta dubi farantin, ta dube ta, ta ce, "Sannu da ƙoƙari," sannan ta kunce bakin zane ta aika shago a sayo minti. Matar ta ce da zaginta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

Akwatin bai yi laifi ba, hannunta ma bai manta aikinsa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.